Gardamar Gwarzon 'Yan Baya a Ƙwallon Ƙafar Amurka

A ƙwallon ƙafar Amurka, ayyuka biyu na ɗan baya aka fi rubutawa a littafi: ya kayar da majefi, wato mai rarraba ƙwallo, kafin ya sake ta daga hannunsa, ko ya cafke ta a iska kafin ta isa ga wanda aka jefa wa. Da waɗannan alƙaluma masoya gasar NFL ke gardamar wace kaka ce ta fi kowace. Sai dai mudun da aka yi awo da shi a 1952 ba shi ne na yau ba.

A shekarar ce Dick Lane ya baro aikin soja, ya shiga ƙungiyar Los Angeles Rams, ya cafke ƙwallo 14 a kakarsa ta farko. Wasa 12 kacal ake yi a lokacin, yanzu ana yin 17, amma babu wanda ya kamo shi. Bajintar Lane ba ta da musu, amma majefan zamaninsa jifa mai nisa suke yi, su bar wa sa'a sauran, na yau kuwa gajeren jifa suke yi cikin lissafi. Lester Hayes na Oakland Raiders ya kusa, da 13 a 1980, hannuwansa shafe da wani danƙo mai suna Stickum, wanda aka haramta a 1981.

Lissafin kaye ya fi rikici, domin sai a 1982 gasar ta fara ƙirga shi a hukumance. Deacon Jones, shi ma na Rams, ya gama wasansa babu ko ɗaya a littafi. Daga baya masu bincike suka bi tsofaffin faifai da takardun wasanni, suka gano ya yi kaye 21.5 a 1967 da 22 a 1968, a kaka mai wasa 14. Makaminsa mari ne. Da an fara wasa sai ya kai wa hular kwanon mai tare shi tafi a gefen kunne, kafin wancan ya buɗe ido Jones ya wuce. An hana wannan mari a 1977.

Shekarar 1978 ce ta raba zamani biyu. An ƙara wasanni zuwa 16, an ba masu kare majefi damar miƙa hannu su ture, sannan aka hana ɗan baya bangazar mai karɓar ƙwallo idan ya wuce yadi biyar. Wannan doka ta ƙarshe da sunan Mel Blount na Pittsburgh Steelers ake kiranta, saboda yadda yake murƙushe masu karɓa. Duk wanda ya yi fice bayan nan, da hannu ɗaure ya yi.

Shi ya sa kakar Lawrence Taylor ta 1986 take da nauyi. Ya yi kaye 20.5, ƙungiyarsa New York Giants ta ɗauki kofin Super Bowl, amma abin da ya fi alƙaluman shi ne yadda ya hana masu horarwa barci. Joe Gibbs na Washington sai da ya sake tsarin 'yan gabansa, ya cire mai gudu ɗaya ya sa ƙarin mai tarewa, don kawai a rage wa Taylor hanya. A ma'aunin kaye a kowane wasa kuwa, Reggie White na Philadelphia Eagles ya fi shi: kaye 21 a wasa 12 a 1987, shekarar yajin aikin 'yan wasa. Wannan kaka ta cancanci a riƙa ambatonta fiye da yadda ake yi, har gaba da 22.5 na Michael Strahan a 2001, wanda kayensa na ƙarshe ya bar ƙura, domin mutane da yawa sun ga kamar majefi Brett Favre da gangan ya kwanta.

Gurbin da mutum ke tsayawa ma yana canza ma'anar lamba. Aaron Donald ya yi 20.5 a 2018 daga tsakiyar sahu, inda sau da yawa ƙarti biyu ke haɗuwa a kansa, ba daga gefe ba inda akwai fili. Deion Sanders kuma ƙwallo 6 ya cafke a 1994, don majefa sun daina jifa ta ɓangarensa, kuma ukun ciki ya ruga da su har gidan abokan hamayya.

Masu zaɓen gwarzon shekara na gasar ba su cika duba 'yan baya ba. Sau biyu kawai ɗan baya ya samu: Alan Page na Minnesota Vikings a 1971, wanda daga baya ya zama alƙalin kotun ƙolin jihar Minnesota, sai Taylor a 1986. J.J. Watt ya yi kaye 20.5 a 2014, ya kuma kai ƙwallo gida sau biyar da kansa, abin da ba a saba gani ga mai gurbinsa ba. Ya samu ƙuri'a 13, majefi Aaron Rodgers ya samu 31.