Neman Uwa a Rubutu: Nana Asma'u daga Sakkwato zuwa Njamena

Da zarar mace ta fara rubutu, sai ka ga ta waiwaya tana neman wata da ta riga ta. Namiji bai cika damuwa da wannan ba, domin duk inda ya juya malamai da mawaƙa maza ne jere a bayansa. Ita kuwa mace, kafin a tambayi ko abin da ta rubuta yana da kyau, sai an tambayi wa ya ba ta izini. Shi ya sa take bukatar suna guda da za ta ambata a yi mata shiru. Wannan neman uwa a rubutu al'ada ce mai zaman kanta, tana da amfaninta, tana kuma da ɓarnarta.

Matan Ingila sun sami nasu sunan a wurin Aphra Behn, wadda ta rasu a 1689. Ta yi wa Sarki Charles na Biyu leƙen asiri a birnin Antwerp, ba a biya ta haƙƙinta ba, bashi ya yi mata katutu, sai ta koma rubuta wasan kwaikwayo don ta ci abinci. Shekara 240 bayan rasuwarta, a 1929, Virginia Woolf ta ɗaga ta a littafinta A Room of One's Own, ta nuna cewa duk macen da ke rubutu tana cin albarkacinta. Sai dai a lura da irin yabon. Abin da ya burge Woolf shi ne an sami mace da ta ciyar da kanta da alƙalami, kuma ta fifita wannan a kan ainihin abin da Behn ta rubuta. Wato an karɓi matar, an ajiye littattafanta gefe. Wannan ita ce cutar da ke bin al'adar duk inda ta je, kuma mu ma ba ta bar mu ba.

A ƙasar Hausa sunan da ake ambata shi ne Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. An haife ta a 1793, tana yarinya aka yi hijira zuwa Gudu a 1804, ta auri Giɗaɗo ɗan Laima wanda ya zama Wazirin Sakkwato, ta rasu a 1864. Ta bar ayyuka wajen sittin da Fulatanci da Larabci da Hausa. Makarantun Islamiyya da ɗakunan kwanan ɗalibai mata masu ɗauke da sunanta ba su ƙirguwa. Kuma sunan ya yi aiki. Lokacin da Hafsat Abdulwaheed ta fitar da So Aljannar Duniya a 1980, Balaraba Ramat Yakubu ta biyo da Alhaki Kuykuyo Ne, Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa ta zo da Allura Cikin Ruwa, ba tafi kaɗai suka sha ba. An zargi littattafan soyayya da lalata tarbiyya, har ta kai a 2007 aka ƙona wasu a Kano a bainar jama'a. A irin wannan yanayi, macen da ta ce 'yar Shehu ma ta yi rubutu ta riƙe garkuwar da babu malamin da zai iya sara. Ba na raina wannan amfani ko kaɗan.

Matsalar ita ce kowane ɓangare ya gutsuri abin da yake so daga jikinta. Masu taron ƙara wa juna sani sun mai da ita 'yar gwagwarmayar 'yancin mata irin ta zamani. Masu wa'azi sun mai da ita misalin kulle da biyayya. Wanda ya zauna da waƙoƙinta zai ga ba ta shiga ko ɗaya daga cikin rigunan nan. Mace ce da ta yi gargaɗi mai zafi game da wuta da tsayuwar alƙiyama, ta yaƙi bori ba sassauci, ta waƙe nasarar da ɗan'uwanta Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya samu a Gawakuke a 1836. Ita ce kuma ta mayar da Tabbat Haƙiƙa ta mahaifinta daga Fulatanci zuwa Hausa, waƙar da ba ta raga wa azzalumin mai mulki ko maha'incin ɗan kasuwa ba. A marsiyoyinta kuwa ba sarakuna da malamai kaɗai ta yi wa kuka ba, har maƙwabciya da ƙawa da jajin da ke kawo mata ɗalibai sun sami baitocinsu.

Babban abin da ta ƙirƙira shi ne tsarin 'Yan Taru, kuma a nan ne ya kamata marubuciya ta tsaya ta duba da kyau. Asma'u ba ta bin ƙauyuka da kanta. Takan zaɓi dattijuwa amintacciya ta naɗa ta jaji, ta ɗora mata malfa da jan rawani. Jaji ita ke jagorantar ayarin tsofaffin da suka wuce haihuwa da 'yan mata ƙanana, su tako zuwa wurinta, su haddace waƙa, su koma su rera wa matan aure a cikin gidajensu. Saboda haka waƙar an gina ta ne don kunne da hadda. Sunago, alal misali, jerin sunayen surorin Alƙur'ani ne cikin baitoci kaɗan, yadda wadda ba ta taɓa riƙe allo ba za ta iya riƙe su a ka. Tawassuli ga Mata Masu Albarka ta samo asali ne daga wani littafin Bello na Larabci a kan salihan mata, ita kuwa ta tace shi, ta sa shi a waƙe, ta ƙara da matan da jama'arta suka sani. Duk aikin fassara ne da sauƙaƙawa, aikin da masu taƙama da ilimi ke gani kamar ƙasƙanci.

Kuma me ya sa Hausa? Harshen gidansu Fulatanci ne, harshen ilimi Larabci. Amma bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808 da yaƙe-yaƙen da suka biyo baya, gidajen Sakkwato sun cika da matan Gobir da na sauran ƙasashen Hausa, da yawansu kamammu ne, masu jin Hausa, waɗanda suka tashi cikin bori. Su ne ake so a kai wa saƙo. Wannan gaskiya ce mai ɗaci da masu yabo ba su cika ambata ba, kamar yadda masu yabon Behn kan yi sauri su wuce cewa Oroonoko, labarinta na 1688 kan wani yariman Afirka da aka bautar, ya fi tausayin sarautar yariman fiye da bautar talakawan da ke tare da shi. Wadda ta ɗauki wata a matsayin uwa ba za ta zaɓi rabin tarihinta ba.

Wani abin sha'awa shi ne cewa wadda ta fi kowa fito da Asma'u ga duniyar boko Baturiyar Ingila ce. Jean Boyd ta zauna a Sakkwato shekaru da dama, Waziri Junaidu, wanda jinin Asma'u ne, ya buɗe mata takardun gidansu, ta fitar da The Caliph's Sister a 1989, sannan ita da Beverly Mack suka tattara ayyukanta a 1997. Yau har a Pittsburgh ta Amurka akwai mata Musulmi da ke kiran kansu 'Yan Taru.

To ina Njamena a cikin wannan lissafi? Garin bai wanzu ba a zamanin Asma'u. Faransawa suka kafa shi a 1900 da sunan Fort-Lamy, bayan yaƙin Kusuri inda aka kashe abokin gabansu Rabeh da kwamandansu Lamy a rana ɗaya, kuma sai a 1973 Shugaba Tombalbaye ya canza masa suna. Amma mahaɗar kogunan Shari da Logone, inda garin yake, tana kan hanyar gabas, hanyar alhazai masu tafiya Makka a ƙasa, kuma gidan Shehu bai taɓa rabuwa da zancen wannan hanya ba. Maryam, ƙanwar Asma'u wadda ta gaje ta a jagorancin 'Yan Taru, ta rubuta wa Sarkin Kano wasiƙa tana jan hankalin masu gaggawar yin hijira gabas cewa lokaci bai yi ba. Hayatu ɗan Sa'idu, jikan Bello, ya taho wannan yanki ya haɗa kai da Rabeh har ya auri 'yarsa. Bayan yaƙin Burmi a 1903 kuwa jama'a suka kwararo, wasu suka kai Sudan tare da jagoransu Mai Wurno, wasu suka yada zango a hanya, zangon ya zama gida. Daga waɗannan da fatake da alhazan da guzuri ya ƙare musu aka sami Hausawan Njamena da Abeshe, waɗanda John Works ya yi nazarinsu a littafinsa Pilgrims in a Strange Land na 1976.

Bahaushiyar da ta tashi a wannan gari tana zaune ne tsakanin harsuna. A gida Hausa, a kasuwa Larabcin Chadi, a makaranta Faransanci ko Larabcin littafi, su ne harsunan hukuma guda biyu. In ta nemi wadda ta riga ta a cikin ƙasarta, za a nuna mata Marie-Christine Koundja, wadda littafinta Al-Istifakh ou l'idylle de mes amis ya fito a Yawunde a 2001, kuma ake lissafa shi a matsayin ƙagaggen labari na farko da wata 'yar Chadi ta wallafa. Labarin saurayi da budurwa ne da iyaye suka hana aure saboda bambancin ƙabila da addini, batun da ya taɓa ciwon ƙasar da ta sha yaƙin kudu da arewa. A dubi tazarar: Joseph Brahim Seid ya fitar da Au Tchad sous les étoiles tun 1962, mace kuwa sai da aka jira kusan shekara arba'in. Koundja ta buɗe ƙofa, babu musu. Amma da Faransanci ta rubuta, a ƙasar da yawancin mata ba su karanta kowane harshe. Tambayar da Asma'u ta fuskanta, wato da wane harshe zan yi magana da matar da ke daka a tsakar gida, ita ce tambayar marubuciyar Njamena a yau, kuma ta fi matsa mata fiye da takwararta ta Kano, wadda Hausa ta wadatar da ita daga gida har kasuwa.

A ganina, waɗanda suka fi kusa da hanyar Asma'u a wannan zamani ba masu ambaton sunanta a taro ba ne. Su ne matan da ke karanta littattafan Hausa da murya a rediyo da YouTube da WhatsApp, saƙon ya tsallake Kusuri ya shiga wayar wadda ba ta iya karatun boko ba. Ko gasar Hikayata da BBC Hausa ta fara wa mata a 2016 ta gane haka, domin karanta labaran ake yi a iska. Abin da ya rage musu shi ne jaji. Ita jaji mutum ce da aka tantance, tana zuwa tana komawa, tana ɗauko tambayar matan ƙauye ta kai wa malama ta dawo da amsa. Muryar waya kuwa zubowa kawai take yi, kuma sau da yawa babu wanda ya san wa ya rubuta, balle wa ya duba.

Kundin da Boyd da Mack suka tattara ya haura shafi 700, an buga shi a Michigan, sharhinsa da Ingilishi, harshen da ba shi ne na makarantar Njamena ba. Sai dai a cikinsa akwai hotunan rubutun asali, na Larabci da na ajami. Ɗalibar Jami'ar Sarki Faisal da ke Njamena, wadda ta yi karatunta da Larabci kuma take jin Hausa a gida, za ta iya buɗe Tanbihul Gafilina, wanda Asma'u ta rubuta a 1820 tana da shekara 27, ta karanta ba tare da tafinta ba, ta juya shafi ta bi baƙaƙen ajamin waƙoƙin Hausa da ɗan ƙoƙari kaɗan. Ɗalibar Kano da ta tashi da boko zalla, ko da a ɗakin kwana mai sunan Nana Asma'u take zaune, sai ta jira wani ya juya mata.