Gawayi da Ruwa: Tarken Zanen Simon Okeke

Duk lokacin da aka ambaci Ƙungiyar Masu Zane ta Zariya, wadda wasu ɗalibai suka kafa a 1958 a kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, sunayen da kan fara zuwa baki su ne Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo. Akwai wani abokin karatunsu da ba a cika tunawa da shi ba, wato Simon Okeke, wanda aka haifa a 1937, ya rasu a 1969 ana tsakiyar yaƙin basasa. Shi muke so mu tarka a nan, domin a ganinmu aikinsa ya fi na sauran kusa da idon Bahaushe, ko da yake shi ba Bahaushe ba ne.

Wanda ya fara ganin zanensa zai rantse da gawayi aka yi shi. Alhali da yawa daga ciki fentin ruwa ne, baƙi ko mai duhu, wanda ya shimfiɗa a takarda sannu a hankali, ya bar haske ya ɓullo a goshi ko kafaɗa ko gwiwa. Mutanen da yake zanawa a takure suke. Gaɓoɓi sun naɗe, kai ya sunkuya, jiki ya cika takarda har ya rasa wurin miƙewa. Ba su kallonmu, kuma ba su neman mu kalle su. Za ka ce daga dutse aka sassaƙo su saboda nauyinsu, amma ruwa ne da takarda kawai. Babu kasuwa a bayansu, babu gari, babu doki. Duhu ne ya kewaye su kamar ɗaki da aka kashe wa fitila. Abin da ake nuna mana shi ne mutum yana zance da zuciyarsa.

To, me ya haɗa wannan da mu? Mu dubi makarantar allo a Ibeto ta ƙasar Kontagora, ko a kowane gari namu. Almajiri yakan haɗa tawadarsa da gawayi da ƙaro da ruwa. Ya san inda alƙalami ya sha da yawa ya yi baƙi ƙirin, ya san inda ya fara bushewa ya yi toka-toka, ya kuma san inuwar tsohon rubutu da kan rage bayan an wanke allo. Idon da ya tashi da wannan ba ya buƙatar ja da kore kafin ya ga kyau. Saboda haka ba mu yarda da masu cewa sai hoton hawan sallah, da jan rawanin dogarai da kwalliyar dawaki, Bahaushe yake ganewa ba. Wannan hoton bangon otal ne, kuma kasuwarsa ce ke jan ɗalibanmu masu koyon zane, har wasu sun ɗauka shi ne iyakar fasahar Arewa.

A shekarar da aka haifi Okeke aka haifi Ganesh Pyne a Kalkata ta ƙasar Indiya. Yana yaro ɗan shekara tara ya ga tarzomar 1946 da gawarwakinta. Da fentin ruwa ya fara, bisa tafarkin Abanindranath Tagore, daga baya ya koma wani fenti mai kauri, amma duhu da ƙwarangwal da fitila mai ƙaramin haske ba su bar aikinsa ba har ya rasu a 2013. Bambancin shi ne Pyne ya sami fiye da shekara hamsin yana tona wannan rijiya, shi kuwa Okeke shekara talatin da biyu ya yi a duniya.

Wannan gajeren zamani shi ya jawo raunin da muke gani. Idan aka jera zanen Okeke da yawa, sai su fara kama da juna: naɗin jiki ɗaya, duhu ɗaya, sulɓin fata ɗaya. Wani lokaci gwanintar goge inuwa takan rinjayi damuwar da ake son nunawa, sai mai kallo ya tsaya yaba hannu ya manta da mutumin da ke cikin takarda. Pyne yakan jefa wani abu a cikin duhunsa, kwale-kwale ko kibiya ko tsuntsu, wanda zai ba tunani abin kamawa. Okeke yakan rufe ƙofa ruf, ya bar mu a waje.

Duk da haka, a inda ya dace, wannan rufewar ita ce ƙarfinsa. Sai dai irin wannan aiki ba ya jure ɗab'i. Hoton da ake bugawa a littafi, ko wanda ake gani a waya, yakan haɗiye matakan toka da ke tsakanin baƙi da fari, alhali a cikinsu zanen yake.