Turaren shayin Japan a hancin mutanen Kafanchan

Thé Matcha 26 turare ne da kamfanin Le Labo na birnin New York ya fitar a 2021. Ba irin wanda ake jibgewa a kowane kanti ba ne, kuma kwalba mai mili 100 ta haura dala 250. Lambar 26 adadin kayan haɗinsa ce. Mun shaƙa, mun shafa, ga abin da hancinmu ya gaya mana.

Da farko, mene ne matcha? Koren ganyen shayi ne da ake yi wa rumfa na 'yan makonni kafin a tsinke, a busar, a niƙa da dutse har ya koma gari. A kwano ake kaɗa shi da ɗan maburgin gora, ba madara ba sukari. Mutanen Japan sun mai da shan sa al'ada mai ladubba. Babban malaminsu a wannan fanni, Sen no Rikyu, wanda ya rasu a 1591, ya fi son ƙaramin ɗaki mai gajeriyar ƙofa, yadda ko basarake sai ya sunkuya zai shiga. Wannan natsuwar ce turaren ke son sayar mana.

To, ya yi nasara? Rabi da rabi. Da an fesa, sai ɓawon lemo da ɗan ɗacin ɗanyen ganye su taso, kamar an buɗe butar shayin Buzaye a zagayen farko. Nan kam sai a sara musu. Amma ba a jima ba shayin ke janyewa, ƙamshin ɓaure mai gardi ya karɓe fili, daga ƙarshe a bar ka da busasshen itace irin na fensirin da aka feƙe. Wanda ya biya don shayi, ɓaure zai kai gida.

Sai batun ƙarfi. Mu da muka saba da humra da turaren wuta, wanda amarya za ta wuce layi ya kwana yana ƙamshi, za mu ce ai wannan ruwa ne. A nan ba mu goyi bayan hancinmu ba. Da gangan aka yi shi ya lafe a jiki, sai na kusa da kai zai ji. Duk wanda ya taɓa shiga motar Kaduna da wanda ya yi wanka da oud ya san akwai ladabi a cikin hakan. Sai dai a zafin Maris, kafin la'asar ka neme shi ka rasa.

Abin da ya fi tsaya mana a rai shi ne ƙasan turaren. Akwai saiwar wata ciyawa, 'yar'uwar jemar da iyayenmu mata ke haɗawa da kajiji da farce. Mun san wannan ƙamshin tun muna goye. Haka citta: daga Kachia zuwa Kwoi zuwa nan Kafanchan ake noma mafi yawan ta Najeriya, kuma man citta na cikin abin da masu haɗa turare a duniya ke amfani da shi. A buhu take barinmu, ba suna ba labari. Da annobar 2023 ta ruɓar da gonaki, manomi da ɗan dako da dillali duk sun ji a jikinsu, domin ɗanyen kaya kaɗai muka iya sayarwa.

Le Labo na buga ranar haɗi da sunan mai saye a jikin kwalba. Hajiyoyin unguwarmu kuwa, masu humrar da ta fi wannan daɗewa a tufafi, a tsohuwar kwalba suke ɗurawa, awon yau daban na gobe daban. Ba fasaha suka rasa ba, rubutu ne babu.

Shawararmu: kada saurayi ya ci bashi saboda wannan kwalba. In ka samu, shaƙa don ilimi. Ku kuma iyayenmu masu haɗi, a sa yara 'yan makaranta su rubuta awo, a liƙa suna da kwanan wata. Shayinmu mai citta da kanumfari yana nan, ba mu ga dalilin da zai hana shi shiga kwalba ba.