Tada Tsohon DT a Rairayin Falanko

A Damargu har yanzu akan tarar da tsohon Yamaha DT 125 jingine a zaure ko bayan rumbu, tayu sun sace, sirdi ya yage, tanki ya yi tsatsa. Irinsa ne malaman gona da ma'aikatan asibiti da na ayyukan raya karkara suka yi shekaru suna ratsa daji da shi, kafin baburan China su cika kasuwa. Mai wucewa zai ce ya zama na ƴan gwangwan, amma bakaniken da ya san shi kan tsaya ya tambayi kuɗinsa.

Dalilinsa yana da tushe. Kamfanin Yamaha na Japan ya fara zuriyar DT a 1968 don hanyar da ba kwalta, kuma daga gida ɗaya aka fitar da ƙaninsa TY, wanda aka ƙera don wata gasa ta Turawa da babu ruwanta da gudu. A gasar, mahayi kan bi ta kan duwatsu da kwazazzabai a tsaye bisa babur, duk sanda ya dire ƙafa a ƙasa a rubuta masa laifi, wanda laifinsa ya fi kaɗan shi ya ci. Mafi shahararta ita ce ta kwana shida da ake yi a tsaunukan Sikotlan, inda Mick Andrews, mutumin Ingila, ya ci a kan Yamaha a 1974 da 1975. Falanko ta Damargu ba ta da waɗannan duwatsu, sai dai tana da rairayi mai kama taya, da sawun amalanke, da ƙayar aduwa. Abin da dutse ke nema ga inji shi rairayi ke nema, wato ya ja a hankali, da ƙarfi, kada ya mutu.

Gwani ba ya fara da sifana. Sai ya danna kik da tafin hannu, ya ji ko injin yana turo shi baya. In ya tafi salalau, matsin cikinsa ya ƙare. Ya cire murfin hagu, ya kama maganeto, wannan faifai mai nauyi da ke haifar da wuta, ya girgiza shi sama da ƙasa. Motsi ko kaɗan ne yana nufin boris ɗin ciki ya ci. Ya kwance salansa, ya haska tocila ta ƙofar hayaƙi, ya ga gefen fistin ko da zane a jikinsa. Kafin ya kwance kusa goma ya riga ya san abin da za a aika a saya a Damagaram.

Daga nan sai shimfiɗa. A wurin da iska ke kwaso ƙasa dare da rana, tsabta rabin aiki ce. Yakan shimfiɗa buhu, ya juya wa iska baya, ya jera gwangwanayen tumatir, kowane da kusoshin wuri guda. Yaron gareji na gefe da kwanon kananzir da tsohon buroshin haƙori. Maganeto ba a dukansa da guduma. Akwai abin zare shi na musamman mai zaren hagu, wanda ake ɗaura shi ta inda aka saba kwancewa. Wanda bai san haka ba zai yini yana juyi, ƙarshe ya ɗauko guduma ya lanƙwasa sandar inji.

Injin DT mai bugu biyu ne. Fetur da iska kan fara shiga ɗakin da ke ƙarƙashin fistin, fistin ya sauko ya matsa su, su bi ta ramukan jikin silinda su hau sama, buji ya kunna musu wuta. Saboda haka ɗakin ƙasan dole ya kasance a toshe ruf. Roba biyu ke tsaronsa, waɗanda ake ce wa sil, ɗaya hagu ɗaya dama, kuma zafin Damargu kan busar da su su yi tauri. In ta hagu ta mutu, injin ya riƙa zuƙar iskar da ba a ba shi ba, ya yi ta ihu shi kaɗai ko an saki totur. In ta dama ce, sai ya sha man giya, hayaƙi ya yi kauri da wari. Robobin nan kuɗinsu bai taka kara ya karya ba, amma mai gaggawa kan tsallake su, ya yi wata guda yana zargin kafireta.

Faɗin silinda milimita 56 ne sanda ya fito daga masana'anta. Gwani kan saka zoben fistin shi kaɗai a ciki, ya tura shi da kan fistin don ya zauna daidai, ya ɗaga wa rana ya dubi tazarar bakinsa. In ta yi yawa, sai a aika silinda birni a ƙara masa faɗi da rubu'in milimita ko rabi, a sayo fistin mai girman haka. Da ya dawo, akwai ɗan aikin da ba kowa ke yi ba: goge kaifin bakin ramukan da ƙaramin zarto, don kada zobe ya harɗe ya karye. Kibiyar da ke kan fistin tana kallon salansa. Kafin a sa ƴar wayar da ke riƙe sandar fistin, sai an cusa tsumma a bakin ɗakin ƙasa, domin in ta tsalle ta faɗa ciki, an koma farko.

Tsofaffin DT da kontak suke ba da wuta, ƙarafa biyu ƙanana masu buɗewa da rufewa. Tazararsu tsakanin 0.3 da 0.4 na milimita ce, kuma dole su rabu a daidai lokacin da ya rage wa fistin ƙasa da milimita 2 ya kai ƙololuwa. Inda babu agogon awo, sai a maƙala siririyar takarda tsakaninsu, a juya maganeto sannu sannu, ana jan takardar da yatsu biyu. Sanda ta saki, lokacin wuta ke nan.

A kafireta ne ake rabuwa da masu koyo. Ita ce ke auna fetur da iska, kuma ma'auni uku gare ta, kowane da rabonsa. Ƙaramin jet, ɗan guntun tagulla mai huda kamar ta allura, shi da kusar iska ke riƙe da sulo da farkon murɗa totur. Allura mai tsini ke riƙe da tsakiya. Babban jet sai an murɗe duka yake magana. Mai neman gudu a kwalta babban jet ne damuwarsa. Mai shiga rairayi rayuwarsa tana kan na farko da na biyu. Gwani kan rufe kusar iska a hankali har ta zauna, ya dawo da ita zagaye ɗaya da rabi, ya tada injin ya bari ya yi zafi, sannan ya riƙa motsa ta kaɗan kaɗan da kunne a karkace, har ya sami inda bugun ya fi tsabta. Allurar kuwa tana da gaɓa biyar a kanta da ƴar maƙala. Saukar da maƙalar gaɓa ɗaya ya ɗaga allura, mai ya ƙaru. Abu guda yake canzawa, ya hau ya gwada, ya dawo. Jet ɗin da ya toshe hura shi yake yi, ba ya zura masa waya, don waya na faɗaɗa huda.

Shaidarsa buji ne. Bayan tafiya sai a ciro shi: baƙi da jiƙa, mai ya yi yawa, fari fat, mai ya yi kaɗan, kuma wannan ne mai huda fistin, launin ƙasa-ƙasa shi ake so. Har lokacin shekara yana da hannu a ciki, domin iskar bazara mai zafi ba ta da kaurin ta hunturu, injin da aka daidaita a Janairu kan ɗan yi nauyi a Afrilu.

Matasan da ke zaune a fada suna jiran shayi na uku kan yi wa gwanin ba'a: "Maigida, da kuɗin nan ai ka kusa sayen sabon moto." Shi dai yana can yana wanke soson tace iska, ya matse, ya shafa masa mai, ya sake matsewa har ya daina ɗiga. Soson da ba mai a jikinsa ƙura kan ratsa shi, ta cinye sabon zobe kafin a yi girbi. Fetur ma sai ya tace da ƙyalle, domin duk da matatar mai ta SORAZ da ke kan hanyar Tanout tun 2011, a ƙauye na kwalba ake saye. Famfon da ke zuba wa injin baƙin mai da kansa, in yana da rai, a fitar masa da iska a bar shi. In ya mutu, a cire, a riƙa gauraya mai kashi 3 zuwa 4 cikin ɗari a tanki.

Saura ƙafafu. Yakan rage haƙori ɗaya a farantin sarƙa na gaba, gudu ya ragu, ja ya ƙaru. Yana buga wayoyin ƙafa ɗaya ɗaya da sifana, wadda ta yi ƙarar rauni ya ɗaure ta. Cikin taya ya shimfiɗa tsohon tiyub da aka tsaga, saboda ƙaya, ya kuma rage iska don tayar ta baje bisa rairayi maimakon ta nutse.

Gwajin ƙarshe a giya ta ɗaya ake yinsa. Sai ya nufi inda rairayi ya fi laushi, ya miƙe tsaye bisa matakai, ya bar babur yana tafiyar da yaro zai iya bi da ƙafa, ya yi kwana, ya saki totur har injin ya kusa shiru, sannan ya murɗa. In ya amsa nan take ba tari, aiki ya yi. Mai babur kuma ya ji sharuɗɗa kafin a ba shi makulli: kada ya murɗe totur duka sai ya ƙone tanki biyu ko uku, kada ya ɗora buhun gero a kwanakin nan, ya kuma dawo ran kasuwa a sake ɗaure kusoshin kan silinda.