Giɓi a Koyar da Jimlolin Ingilishi Masu Ɓoye Aikau

A unguwa irin Fezzan ta Maiduguri, inda Hausa ke haɗa Barebari da Shuwa da Hausawa, ba ma ganin amfanin haddar da ɗalibi tsarin "must be paid" ba tare da kwatanci ba. Bahaushe cewa yake "dole a biya kuɗin", aikatau bai sauya siffa ba. Shi ya sa ɗalibi kan rubuta "the money must pay". Haka kuma "can be repaired" na iya zama "ana iya gyara shi" ko "yana gyaruwa", wato giredi na 7 a rabon Parsons na 1960. Muna ba da shawarar manhaja ta fara da wannan kwatanci kafin hadda.