Rubutun Dare Bayan Aikin Asibiti a Baƙuwar Ƙasa

A ce ɗalibar koyon aikin jinya ce daga Ingila, makarantarsu ta tura ta wani asibiti a Malawi na 'yan makonni. Abin da ta tarar ya ɗaure mata kai. 'Yan uwan majinyaci ne ke dafa masa abinci, su yi masa wanka, da dare su shimfiɗa zani a ƙasa kusa da gadonsa. Mu dai wannan ba baƙonmu ba ne, kowa ya san mai jinya da tabarmarsa da fulas ɗin kunu. Amma a inda ta fito, ma'aikatan asibiti ne ke yin wannan duka. Nan take zuciyarta ta yanke hukunci: nas-nas ɗin nan sun saki aikinsu.

Abin da ke burge ni shi ne abin da ɗaliba mai horo ke yi da wannan hukuncin idan ta koma masauki. Ba ta ɓoye shi, ba ta kuma gaskata shi. Littafi take buɗewa ta rubuta abin da idonta ya gani kawai: gadaje nawa, nas nawa, wa ya ɗaga tsohon da ke kusa da taga, wa ya ba shi ruwa. Sannan ta rubuta abin da ta ji a ranta, ko da haushi ne ko ƙyama. Raba waɗannan biyun shi ne mafi wuya, domin mutum yakan ɗauki abin da ya ji a matsayin abin da ya gani. Da ta raba su sai tambayoyi su fito. In nas ɗaya ce ke riƙe da ɗaki cike da marasa lafiya, me za ta fara yi, allura ko wanka? Shi kansa tsohon, hannun wa ya fi so a jikinsa, na 'yarsa ko na baƙuwa?

Wannan tsarin yana da asali. A 1983 Donald Schön ya bambanta tunanin da ƙwararre ke yi yana tsakiyar aiki da wanda yake yi bayan ya gama. A 1988 Graham Gibbs ya shimfiɗa matakai 6, daga bayyana abin da ya faru har zuwa shirya abin da za a yi in an sake haɗuwa da irinsa. Ana cewa tafiya mabuɗin ilimi ce, amma mabuɗi ba ya juya kansa. Ko Florence Nightingale da ta ziyarci Kaiserswerth a Jamus a 1850, sai da ta rubuta ɗan littafi kan abin da ta gani a wurin.

Washegari ɗalibar nan takan shiga ɗakin da wani hali daban. Kafin ta taɓa majinyaci sai ta gaida 'yarsa, ta tambaye ta yadda ya kwana da abin da ya iya ci, domin ita ce ta raba dare tana kallonsa. Idan ta koma gida ta zama cikakkiyar nas, rubutun zai bi ta: tun 2016 hukumar da ke rajistar ma'aikatan jinya da ungozoma a Birtaniya ke buƙatar irin wannan rubutun waiwaye guda 5 a kowace shekara 3 kafin ta sabunta wa mutum rajista.