Ina Sabo a Cikin Labaran 'Ya'yan Sabo?

Tun da muka buɗe shafin ƙagaggun labarai a wannan mujalla, matasanmu ba su ba mu kunya ba. Wasu sun kawo rubutunsu a littafin makaranta, wasu sun turo ta WhatsApp, akwai ma yarinyar da ta aiko ƙaninta da takardu a cikin leda, ta ce don Allah kada a faɗi sunanta. Mun karanta duka, wasu har sau biyu. Mun gode, Allah Ya ƙara basira. Amma tun da gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, bari mu faɗi abin da ya tsaya mana a rai.

In ka cire biyu ko uku, duk labaran a Kano suke faruwa, ko Kaduna, ko Abuja. Gida ne na bene, da maigadi, da 'yar aiki, da motoci a jere. Saurayin ya dawo daga karatu a Ingila, yana da kamfani, amma har labarin ya ƙare ba a gaya mana abin da kamfanin yake sayarwa ba. Budurwar fara ce, doguwa, mai gashi har gadon baya, ba ta da aiki sai kuka a kan gado. Marubucin kuwa ai mun san shi. A nan Sabo aka yanke masa cibiya, a Mokola ya yi firamare, Yarbancinsa ya fi na wasu Yarbawan daɗi, Kano kuwa bai wuce zuwa biki sau ɗaya ko biyu ba. Shi ya sa da zarar jarumin ya fito daga ƙofar gida sai labarin ya makance: ba titi, ba kasuwa, ba maƙwabci. Wani ma ya sa jaruminsa ya bar Kano a mota bayan la'asar, ya yi sallar magariba a Abuja. Haba, ɗan'uwa! Ko direbobin tasharmu da ake yi wa kirari da gudu ba su kai nan ba.

Kada a ɗauka muna cewa laifi ne mutum ya rubuta inda bai taɓa zama ba. Abubakar Tafawa Ɓalewa bai taɓa bin ayarin bayi ba, amma ya rubuta Shaihu Umar, kuma har yau in mutum ya kai wurin da uwar Umar ta bar gida ta shiga duniya neman ɗanta, sai jikinsa ya yi sanyi. Abin da ya sani shi ne zuciyar uwa, a kanta ya ɗora sauran. Damuwarmu ita ce waɗannan gidajen bene na aro ne, daga wasu littattafai da finafinai aka kwaso su, kuma mutanen da ke cikinsu ma na aro ne. Kayan aro kuwa ba ya rufe katara.

To, mene ne ke sa mutumin cikin labari ya zama mutum? Ba tsayin hancinsa ba ne. Yawancin marubutanmu suna cinye shafi guda wajen siffanta ido da haƙori da kalar atamfa, su manta da tambayar da ta fi kowace nauyi: me wannan mutumin yake so, kuma me zai iya aikatawa don ya samu? Ku duba Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East. Attajiri Malam Shehu ya aure Zainab, yarinyar da Abubakar yake so. Daga nan abu ɗaya ne a ran Abubakar, wato ramuwa. Ita ta fitar da shi daga gari, ita ta kai shi neman asiri, ita ta lalata ɗan da aka haifa a wannan aure. Littafin ɗan ƙarami ne, amma ba shafin da za ka cire labarin bai gurgunce ba, saboda duk abin da ya faru daga buƙatar mutum ɗaya ya tsiro.

Sannan mutum ba ya zama fari fat ko baƙi ƙirin. A Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda ya fito daga gasar rubutu ta 1933, Alhaji Imam ne mai labarin, amma ku tambayi duk dattijon da ya karanta shi a makaranta wa yake tunawa. Malam Zurƙe ɗan Muhamman zai ce muku. Mazambaci ne, abokin gaba ne, amma yana da wayo, yana da ban dariya, in ya ɓace na 'yan shafuka sai ka ji kana kewarsa. Kishiyoyin da ke cikin labaran da aka aiko mana ba haka suke ba. Tun daga layin farko mugaye ne, da asuba suna gidan boka, da dare suna zuba magani a miya. Ba wadda aka nuna mana tana jinyar ɗanta, ko tana tsoron ranar da za a ce ta tattara kayanta. Alhali kowa a unguwar nan ya san kishi tsoro ne kafin ya zama mugunta. Marubucin da ya ba muguwarsa dalili, ko da dalilin bai wanke ta ba, ya riga ya yi rabin aikinsa.

Sai zaren labari. A nan ma ciwo ɗaya muka yi ta gani. In marubuci ya rasa yadda zai raba masoya, sai ya kawo haɗarin mota. In ya rasa yadda zai haɗa su, sai a gano ashe an yi musayar jarirai a asibiti, talakar nan 'yar minista ce. Mantuwa kuwa, wato mutum ya bugu a kai ya manta sunansa, mun gaji da ƙirga ta. Ƙaddara gaskiya ce, mun yi imani da ita. Amma a cikin labari, in kowane kulli daga sama ake warware shi, mai karatu zai daina damuwa da abin da mutanen suka zaɓa, tun da zaɓinsu ba ya canza komai.

Wannan ba ciwon 'yan koyo kaɗai ba ne, har manya ya taɓa. Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu littafi ne da muke ba kowace yarinya mai son rubutu shawarar ta nema, an ma fassara shi zuwa Turanci a 2012. Alhaji Abdu ya ƙaro aure, ya kori Rabi da 'ya'yanta tara, ita kuma ta kama sayar da abinci ta riƙe gidanta. Wannan ɓangaren ba shi da makusa, domin kowane mataki daga halin mutanen ya fito: son zuciyar Alhaji, da juriyar Rabi. Amma da aka zo hukunta Alhaji sai gobara ta cinye masa shago. A ganinmu a nan marubuciyar ta ɗan sauƙaƙa wa kanta, ta bar wuta ta yi aikin da halinsa kaɗai ya isa ya yi. Inda ta sake kama mu shi ne ƙarshe, lokacin da aka matsa wa Rabi ta koma gidan mutumin da ya wulaƙanta ta. Ba daɗin karantawa, amma wace mace a Sabo za ta ce ba ta san irinsa ba?

Yanzu mu dawo gida, don nan ne maganar take. An kafa Sabo a 1916, ke nan ta haura shekara ɗari. A farkon shekarun 1960 wani Bature masanin zamantakewa, Abner Cohen, ya zo ya zauna da kakanninmu, ya fitar da littafi a kansu a 1969. Abin da ya fi ɗaukar hankalinsa shi ne yadda ake cinikin shanu da goro bisa amana. Falke ya kawo shanu daga Arewa, ya sauka a gidan maigida. Maigida ya ba shi masauki da abinci, dillalansa su nemo mahauta Yarbawa, a ba su shanun bashi, ba takarda, ba sa hannu. In mahauci ya ƙi biya, maigida ne zai biya daga aljihunsa, in ba haka ba sunansa ya mutu daga nan har Arewa, ba falken da zai sake sauka wurinsa.

Ku dubi wannan da idon marubuci. Ga maigida, mutumin kirki, ya tsaya wa mahaucin da suka yi shekaru suna hulɗa. Mahaucin ya karye, ba don ha'inci ba, ciwo ne ya kwantar da matarsa. Falke yana zaune a zaure yana jiran kuɗinsa, shi ma shanun ba nasa ba ne duka. Kuɗin da ke hannun maigida kuwa na kayan ɗakin 'yarsa ne, biki saura mako uku. Me zai yi? Ba boka, ba haɗarin mota, ba mugu ko ɗaya, amma wallahi ba mai ajiye wannan labari sai ya ga ƙarshensa. Wani ya taso tun daga Turai ya ga abin rubutawa a zaurenmu, mu kuma muna tsallake zauren muna neman gidan bene a Abuja.

Kuma ba sai an koma zamanin da ba. Ga yaron da aka haifa a nan, aka haifi ubansa a nan, ya je neman takardar shaidar ɗan asalin jiha don shiga jami'a ko aikin gwamnati. A nan a ce masa ya tafi garinsu, ya je garin kakansa a ce ba a san shi ba. Ga yarinyar da uwarta Bayarabiya ce, ubanta Bahaushe, kowane ɓangare yana auna ta da mudunsa. Ga ɗan canji da ke riƙe da kuɗin mutane a ranar da dala ta yi tsalle. Ga waɗanda rikicin kasuwar Sasa na watan Fabrairun 2021 ya raba da rumfunansu, da maƙwabtan da suka ɓoye juna a ranar, Bahaushe da Bayarabe. Jaridu sun ba da labarin na 'yan kwanaki suka wuce. In 'ya'yanmu ba su rubuta yadda abin yake daga ciki ba, wa muke jira ya rubuta?

Wata 'yar magana a kan bakin mutane. A labaran da muka karanta kowa Hausar mai karanta labarai a rediyo yake yi: tsohuwa, ɗan acaba, yaro ɗan shekara biyar, duk bakinsu ɗaya. Mun gane dalili, kunya ce. Ana yi mana dariya a Arewa wai Hausarmu ta sha ruwan Kurmi. To, sai me? In mai abinci a labarinka takan jefa Yarbanci in ranta ya ɓaci, bar ta ta jefa. Kai mai ba da labari ka tsare ƙa'idar rubutu, ka bambance ƙ da k, ka raba kalmomi daidai, amma mutanenka ka sake musu baki.

Masu tambaya ina za su sami kayan aiki, ba sai an je nesa ba. Tsofaffinmu suna nan, kuma ba za su dawwama ba. Ka zauna da wadda ta ga zamanin da ake ɗaure huhun goro a loda wa jirgin ƙasa, ka tambaye ta ba abin da ya faru kaɗai ba, har da wanda ya ji haushi da wanda ya ci riba. Bencin mai shayi makaranta ne, in za ka rufe baki ka buɗe kunne. Ka riƙe ɗan littafi a aljihu. Kafin ka fara labari, rubuta wa kowane mutum abu uku a gefe: abin da yake so, abin da yake tsoro, da wanda yake binsa bashi, na kuɗi ko na alheri. In ka gama, karanta wa wani da ƙarfi, inda ya fara duba wayarsa nan ne labarin ya yi sanyi. Littattafan da muka ambata ku neme su wurin masu zuwa Kano da Zariya, ku karanta sau ɗaya don daɗi, sau na biyu don ganin yadda aka ɗinka su. Waɗanda suka yi Yarbanci a makaranta kuma kada su raina D. O. Fagunwa, maƙwabci ne, kuma gwani ne wajen sa mai karatu ya kasa tashi. 'Yan mata su tuna BBC Hausa ta fara shirya gasar Hikayata ta mata zalla a 2016, kuma gajeren labari ake nema, ba littafi mai juzu'i biyar ba.

Labarin da ya fi burge mu shi ne na cikin leda ɗin nan. Wata yarinya ce mai tallar fura, kakarta ta ba ta ajiyar kuɗin adashen matan gidansu, ita kuma ta taɓa kuɗin ta biya wa ƙaninta kuɗin jarrabawa, ga ranar kwasa tana matsowa. Rubutun cike yake da kurakurai, har akwai inda sunan ƙanin ya canza a tsakiya. Amma mun ji ƙarar 'yan Micra, mun ji zafin kwalta a ƙafarta, mun ƙirga kwanakin tare da ita. Sai a shafin ƙarshe wani Alhaji da ba mu taɓa jin ɗuriyarsa ba ya tsaya da mota ya ba ta kuɗin duka.

'Yarmu, mun mayar miki da takardunki ta hannun ƙaninki. Ki cire Alhajin nan. Ki bar yarinyar ta shiga ɗaki ta tsaya a gaban kakarta, mu ji abin da za su ce wa juna. In kin dawo da shi kafin ƙarshen wata, shi za mu buga a fitowa ta gaba, kuma sunanki yana nan a rufe kamar yadda kika nema.